Idon Ruwa Mai Kunya

Abubuwa da yawa sun faru lokacin da nake ƙaramar sakandare waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma makon da aka zo gyaran bututun ruwan dattin makarantarmu, wannan kam ko na tsufa na rasa haƙora ba zai fita daga raina ba. Har yau in na ji ƙamshin sabulun wanki a jikin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai dariya ta taso mini, ko a gaban wa nake.

Gidanmu yana wani gari ne tsakanin Kura da Bunkure, a jikin katangar makarantar 'yan mata ta kwana. Ni 'yar jeka-ka-dawo ce, don in an kaɗa ƙararrawa daga tsakar gida nake jin ta. A hannun kakannina na tashi. Kakana namiji, wanda muke ce wa Kaka, manomin rani ne tun yana saurayi. Irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin ruwa yana wucewa su ƙyale shi. Ko buta ce ta kife a tsakar gida, sai ya ja layi da babban yatsan ƙafarsa ya karkata ruwan zuwa gindin wani abu. Da gwiwoyinsa suka gaza, 'ya'yansa suka karɓi gonar shinkafa, sai ya zamana ba abin da ya rage masa sai ɗan lambun bayan gida, wanda ya jingina da katangar makaranta. Wannan lambun ne yake tashinsa da safe. In ba ya ciki, to yana bakin masallaci yana ba da labarinsa.

Labarin kuwa ya isa a bayar. Unguwarmu a kan tudu take, ruwan madatsa ba ya hawowa wurinmu. Da bazara ko ciyawa ba ka gani a bayan gidajen maƙwabta. Amma lambun Kaka ayaba ce kore shar, ganye kamar tabarma, ƙasar gindinta kullum a jiƙe. Mutane sukan tsaya a bakin danga suna kallo suna tambaya.

"Ido ne a ƙasan," in ji Kaka. "Amma mai kunya ne, irin Uwata. In ka tone shi sai ya ɓuya."

Uwata ni ce, don sunan mahaifiyarsa na ci. Kunya kuwa bai yi mini ƙarya ba. A aji in malama ta kira sunana, sai in ji kamar an zuba mini garwashi a kunne, ko da na san amsar. Bakina ne ba ya aiki, amma idona yana yi. Na lura idon ruwan Kaka ya fi ƙarfi ranar Asabar, ranar da 'yan kwana suke wanki. Na lura in an ba da hutu sai ya yi sanyi, har Kaka ya koma ɗibar ruwan rijiya da bokiti yana cewa idon hutawa yake yi. Na kuma lura wani lokaci 'yar kumfa takan taso a gindin babbar ayabar, kuma Kaka yakan shafe ta da ƙafa yana cikin magana. Ya hana kowa tono a wurin, ya hana kowa ɗanɗana ruwan. Duk na ga wannan, na haɗiye, na ce a raina wataƙila haka idon ruwa yake.

Akwai kuma maganar zanen Iya. Iya ita ce kakata mace. Tana da wata atamfa shuɗiya mai zanen kifaye rawaya, tsarabar ƙanwarta, wadda ba ta ɗaurawa sai in za ta biki. Wata rana ta wanke ta shanya a kan danga, da ta fito ɗauka ba zane ba dalilinsa. A ranar kuwa wata Bafulatana da take kawo mana nono daga rugar bayan gari ta bi ta hanyar da saniyarta. Iya ta rantse saniyar ce ta haɗiye zanen.

"Iya," in ji mai nonon, tana gyara ƙwaryarta a ka, "saniyata ba ta cin kifi."

Wannan amsar ta ƙara tunzura Iya. Tun daga ranar ta daina sayen nononta, muka koma dama fura da wani nonon kasuwa mai tsami kamar tsamiya. Kaka ya ce a bar wa Allah. Na lura da yake faɗa, hularsa yake kallo.

Ina aji biyu ruwa ya fara dawowa ɗakunan wankan makaranta. 'Yan kwana suka koma wanka a kan bulo, sauro ya yi yawa, wari ya kai har ofishin shugabar makaranta. Bututun da yake kwashe ruwan wanka da na wanki da na kicin tsoho ne na kankare, tun ginin makarantar. Ya bi ta ƙarƙashin ɗakin cin abinci, ya ratsa filin taro, ya fita ta ƙasan katanga, ya miƙe ta bayan gidajenmu zuwa wani babban rami a gefen gari. In za a tone shi sai an fasa rabin makarantar. Sai aka ɗauko wasu ma'aikata daga Kano waɗanda aka ce suna gyaran bututu ba tare da sun haƙa ƙasa ba.

Injiniyansu, wani dogon mutum mai fara'a, ya tsaya a filin taro ya yi mana bayani. "Bututunku ya tsufa, ya tsattsage," ya ce. "Ba za mu cire shi ba. Riga za mu sa masa, amma ta ciki." Muka fashe da dariya, shi ma ya taya mu. Ya ce kafin a sa rigar sai an leƙa an ga irin ciwon, sannan a wanke.

Abin leƙen wata 'yar na'ura ce mai tayoyi, kamar motar wasan yara, da fitila da kamara a goshinta da doguwar waya a bayanta. Aka buɗe murfin ramin da ke bayan kicin aka zura ta. Duk abin da ta gani yana fitowa a wani ɗan talabijin da aka ɗora a kan benci. Rana tana haska gilashin, ana buƙatar mai riƙe lema. Shugabar makaranta ta duba cikin ɗaliban da suka yi cincirindo, ta nuna ni.

"Ke, zo. Ke ce ba ki da surutu."

Haka na samu wurin da ya fi na kowa. Na ga cikin bututun kamar wani dogon kogo. Na ga tsaguwa iri-iri, na ga saiwoyin bishiya sun sauko ta sama kamar gemu. Na ga cokulan ɗakin cin abinci da aka sha yi mana bulala a kansu, da soson wanka, da wani ɗan kunne guda. Kyankyasai suna ganin fitila suna watsewa. Shugabar tana ta tsaki, injiniya yana ta cewa wannan mai sauƙi ne, rigar za ta rufe.

Can sai ya tsayar da na'urar. A gefen bututun akwai wani rami da bai yi kama da tsaguwa ba. Bakin baƙin tiyo ne, irin na ban-ruwa, ya leƙo ciki. An cusa masa tsumma, jelar tsumman tana lilo a cikin ruwan. Injiniya ya juya fitilar a kanta. Duk da dattin da ya hau shi, na gane shi. Wani kifi rawaya ne a kan shuɗi, yana kaɗawa kamar iyo yake yi.

"Mene ne wancan?" in ji shugabar.

"Hajiya, wani ne yake shan ruwanku," in ji injiniya. "Kuma ya san aikinsa, har matata ya sa."

"A ina ne daidai?"

"Mun wuce katanga. Bayan gidajen nan ne da suke jere. Amma ba sai mun wahala da nema ba. Ranar Asabar za mu wanke bututun da ruwa mai ƙarfi. Duk wanda yake riƙe da ɗaya bakin tiyon, zai sanar da kansa."

"Ko wane ne," in ji shugabar, "sai mun haɗu gaban mai gari. Kuma duk abin da ya shuka a kan layin nan sai an tuge shi."

"'Yan mata," in ji injiniya, bai ko ɗago ba, "inuwar ta koma ƙeyata." Ashe lemar ta karkace a hannuna.

Na koma gida da wannan kaya a ciki. In aka tuge ayabar nan, na san Kaka zai zauna a zaure ne kawai yana kallon hanya, kamar sauran tsofaffin da aka karɓe wa gona. Dole in faɗa masa. Amma duk inda na same shi, Iya tana kusa, tana tankaɗe ko tana tsince shinkafa. In na buɗe baki sai in ce sannu da hutawa. Sai da yammacin Juma'a na same shi shi kaɗai a lambun, yana yanke busassun ganye.

"Kaka."

"Na'am, Uwata."

"Na ga kifin Iya."

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Ya dubi ƙofar gida, ya dubi danga, sannan ya dube ni. "A ina?"

"A talabijin."

"Wace tasha?"

"Ta cikin bututu."

Ya zauna a kan ɗan kututturen da yake hutawa, ya ce in faɗa masa duka. Na faɗa, ina kallon ƙafafuna. Da na gama sai ya yi ajiyar zuciya, ya ba ni nasa labarin. Ramin shuka yake haƙawa, diga ta bugi kankare, ruwa ya ɓullo.

"Tafiya yake yi a banza, Uwata. Zuwa rami. Ba mai sha, ba mai shuka. Ke da kin gani za ki iya barci?"

"Zanen fa?"

"Sai da na gwada buhu, ya ruɓe. Na gwada tsohuwar rigata, ta ruɓe. Wannan kuwa akwai roba a jikinsa, ba ya jin ruwa. Kada ki faɗa wa Iyarki, ita ta ɗauka mai tsada ne."

Na ce to ya zare tiyon kafin gobe. Ya ce saiwar babbar ayabar ta riga ta naɗe shi, in ya tona sai ta faɗi, ga ta kuwa da 'ya'ya sun kusa ƙosawa. Sannan ya faɗa mini abin da ya fi muni. Gobe da hantsi mai unguwa zai kawo malamin gona, wanda ya ji labarin idon ruwan yana so ya gani ya ɗebi ƙasar wurin. Na roƙe shi ya aika a ce ba shi da lafiya. Ya ce shi bai taɓa ƙaryar ciwo ba. Ya tashi ya kawar da tarin busasshen ganye a gindin ayabar, sai ga ɗaya bakin tiyon a kwance. Ya samo totuwar masara, ya naɗe ta da leda, ya cusa, ya buga da ƙotar fartanya, kamar yadda suke toshe tiyo a bakin madatsa in an gama ban-ruwa. Ya mayar da ganyen, ya ɗauko kututturensa ya aza a kai.

"Kaka, ya ce ruwan mai ƙarfi ne."

"Ruwa ne dai ko? Ni da ruwa ba yau muka fara ba."

Da hantsin Asabar na shimfiɗa tabarma a inuwar ayaba, na kawo ruwan sha daga randa. Mai unguwa, abokin Kaka ne tun suna yara, ya zo cikin farar babbar riga da ta sha sitaci, don daga nan ɗaurin aure zai wuce. Malamin gona matashi ne mai ladabi, ya cire takalmi a bakin tabarma, yana riƙe da 'yar leda da ƙaramin cokalin ɗibar ƙasa. Kaka ya zauna a kan kututturensa ya fara bayani. Ya ce tun mahaifinsa yana raye akan ji sanyi a wannan wurin. Ni ina tsaye a jikin danga da tire a hannu, ina kallon katanga.

Sai injin wanke bututun ya tashi a cikin makaranta. Da farko ƙara ce kawai daga nesa. Can sai na ji ƙasa tana ɗan kaɗawa a tafin ƙafata. Ruwan cikin kofuna ya fara rawa. Daga ƙarƙashin Kaka wani irin gurnani ya fara fitowa, ƙululu, ƙululu.

"Malam," in ji mai unguwa, "cikinka ne?"

"Idon ne," in ji Kaka. "Haka yake yi in ya ga baƙi."

Malamin gona ya matso da sha'awa. Ya ce Baba ko zai ɗan ɗaga ya ɗebi ƙasar daidai wurin. Kaka ya ce ƙasar can gefe ta fi kyau. Malamin ya ce a'a, ta nan ce take motsi. Mai unguwa ya ce haba Malam, baƙo ya roƙe ka. Kaka ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, ƙafarsa ta ture kututturen.

Totuwar ta fita kamar an harba ta da bindiga. Ta ɗauke hular mai unguwa ta wuce da ita cikin ayaba. Bayanta ruwa ya biyo, toka-toka, mai kumfa, ya tashi sama ya fi katanga tsawo, ya buɗe ya sauko a kanmu gaba ɗaya. Tiyon ya kuɓuce daga ƙasa yana jujjuya kai kamar maciji, ya wanke malamin gona, ya juya ya wanke mai unguwa, ya dawo kan Kaka. Wani abu ya faɗo a tirena ya yi ƙara. Cokalin ɗakin cin abinci ne. Sai tiyon ya yi shiru kamar ya shaƙe, ya kumbura, ya yi wani tari, ya tofo dunƙulen tsumma sama. Tsumman ya warware a iska ya sauko ya shimfiɗu a kafaɗar mai unguwa, kifaye rawaya suna kallon jama'a.

A cikin makaranta wani ya hango ruwan, sai ya kashe injin. Wurin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga ganyen ayaba.

Malamin gona ya share kumfa daga idonsa, ya dubi cokalin da ke tirena. "Baba," ya ce cikin ladabi, "wannan idon da cokali yake zuwa?"

Kafin a amsa masa, Iya ta riga ta fito ƙofar lambu da muciya a hannu. Ba ta dubi ruwan ba, ba ta dubi baƙi ba. Ta taka har gaban mai unguwa, ta ce ranka ya daɗe, ta zare tsumman daga kafaɗarsa da yatsu biyu ta ɗaga.

"Malam."

"Na'am."

"Rabi ne wannan. Ina sauran?"

"Na ajiye na canji," in ji Kaka a hankali.

A daidai lokacin kuma mai nono tana wucewa ta hanyar bayan danga, kamar an aika mata. Ta tsaya da ƙwaryarta a ka, ta dubi zanen, ta dubi Iya. Murmushi kawai ta yi ta gyara gammo, kuma wannan murmushin ya fi zagi zafi.

Shugabar makaranta da injiniya suka zagayo ta bakin hanya, 'yan kwana suna leƙe ta saman katanga. Injiniya yana ta ƙoƙarin danne dariya, shugabar kuwa ba alamar wasa a fuskarta. Ta gaishe da mai unguwa, ta ba shi haƙuri a kan rigarsa, sannan ta juya ga Kaka.

"Baba, da girmanka? Yaranmu suna wanka a cikin ƙazanta, kai kana nan kana ce wa mutane ido ne?"

"Hajiya, ba ramina ne ya toshe shi ba," in ji Kaka. Injiniya ya ce gaskiya ne, saiwoyi da cokula ne suka toshe shi, amma hudawar dai ba daidai ba ce.

"Dakata," in ji Iya. "Wato ayabar da nake rabawa dangi, ruwan wankin 'yan makaranta take sha?"

"Na tace shi," in ji Kaka. "Da zanenki."

Mai unguwa ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Amma shugabar ba ta sauka ba. Ta ce gobe za a rufe ramin, kuma ba za ta yarda a bar shuka a kan layin ba, don muddin ayabar tana nan tana jin ƙishi, wata rana diga za ta sake sauka. A tuge kawai kowa ya huta.

Kaka bai yi gardama ba, kuma wannan ne ya tsorata ni. Ya cire jiƙaƙƙiyar hularsa ya matse. Ya ɗora hannu a jikin babbar ayabar, kamar yadda ake dafa kafaɗar yaro. Na ga yana shafa ta a hankali. Ba wanda ya lura sai ni.

"Ruwan alwala," na ce.

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga kowa ya juyo. Kunnuwana suka ɗau zafi. Na so ƙasar da ta tofo zane ta haɗiye ni.

"Me kika ce?" in ji shugabar. "Ashe kina magana?"

Na ƙanƙame tire na ci gaba, ina kallon cokalin. Na ce masallacin makaranta yana jikin katangar nan ne, daidai bayan ayabar. Ruwan alwalar ɗalibai ba ya shiga bututu, gangarowa yake yi ya kwanta a gindin katanga ya zama taɓo. Na ce ita da kanta ta sha yin faɗa a filin taro a kan sauron wurin da takalman da suke ɓaci. Ruwa ne mai tsabta, ba sabulu, kuma kullum ana zubar da shi. In aka ba shi hanya ta ƙasan katanga, ayaba ba za ta ji ƙishi ba, diga ba za ta sake sauka ba.

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a gaban manya. Da na gama sai na ji kamar na yi gudu daga Kura.

Injiniya ya leƙa ta saman katanga, ya dubi wurin, ya ce gangaren ma nan ya nufo. Shugabar ta daɗe tana kallona, sannan ta dubi Kaka. Ta ce ta yarda, bisa sharaɗin ba zai sake taɓa bututu ba, kuma in ayaba ta nuna 'yan makaranta suna da rabo, tunda dama ruwansu ne ya raine ta. Kaka ya buɗe baki zai yi ciniki a kan rabon, Iya ta ɗaga muciya kaɗan, ya ce ya amince.

Washegari aka sa wa bututun rigarsa, kuma Kaka ne ɗan kallo na farko a bakin ramin. Sai da suka tura wata 'yar na'ura ta yanke bakin tiyonsa ta ciki. Sannan suka sauke rigar daga mota, a ninke a cikin akwati, doguwa, a lanƙwashe kamar hanjin rago. Roba ce da aka saƙa da zaren gilashi aka jiƙa da wani irin danƙo mai wari. Suka ɗaura mata igiya suka jawo ta daga wannan rami zuwa wancan, suka toshe bakunan, suka hura mata iska har ta kumbura ta manne da jikin tsohon bututun. Daga nan suka ja jerin fitilu masu shuɗin haske ta cikinta a hankali, hasken yana busar da danƙon. Kafin la'asar abin da ya shiga da laushi kamar tsumma ya zama sabon bututu a cikin tsoho. Da aka sake tura kamara, ciki sumul, ba tsaguwa, ba saiwa, ba ƙofar Kaka.

Kaka ya daɗe yana kallon talabijin ɗin. Sannan ya matsa kusa da injiniya ya rage murya.

"Ɗana, tambaya ce kawai. Ana iya huda shi?"

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauko guntun da suka yanke daga bakin rigar, wanda ya riga ya bushe, ya miƙa masa ya ce ya je gida ya gwada. Kaka ya gwada da ƙusa, ƙusar ta lanƙwashe. Ya gwada da diga, ta yi tsalle ta kusa samun ƙafarsa. A ƙarshe wannan guntun ne aka tsaga biyu aka shimfiɗa ta ƙasan katanga, ya zama indararon da ruwan alwala yake bi zuwa gindin ayaba. Har yau yana nan.

Iya ta aika aka kira mai nono, ta ba ta haƙuri a tsakar gida, furarmu ta dawo daidai. Amma Iya ta ce haƙurinta bai isa ba, don ba mai nonon aka yi wa ƙazafi ba, saniyar aka yi wa. Saboda haka duk ranar da Kaka ya yanke ganyen ayaba, sai ya ɗaure a bayan keke a kai ruga. Mai unguwa kuwa bai sake kiransa Malam ba. In ya hango shi a bakin masallaci sai ya ce, "Mai ido, yau da me ya zo, cokali ko zane?" Maganar roba a jikin atamfar ce kaɗai ba ta fito ba. Wannan ni da Kaka muka riƙe, kuma ina ganin shi ya sa gidan ya zauna lafiya.

Na koyi abu biyu a wannan makon, ɗaya daga Kaka, ɗaya daga kaina. Ruwan da ya yi shekaru yana sata a ɓoye, da ya zagaya ta ƙofa ya yi sallama, da an ba shi wanda ya fi shi tsabta. Ni kuma na gane cewa lura da abu ba ta amfanar kowa in ta tsaya a ido. Har yanzu ina da kunya, kunnuwana suna zafi in an kira sunana. Amma in na ga abin da ya kamata a faɗa, ina faɗa tun injin bai tashi ba.